Kada A Rantse Da Na'ura A Kan Iyakar Fili

Duk ɗan Bauci da ya yi shekara goma ko fiye a Kurmi, in ya taso ganin gida ta hanyar Jos, ya wuce Nabordo da Zaranda ya iso Miri, zai ga abin da zai sa ya riƙe baki. Wuraren da ya bari ana noman dawa da gyaɗa yanzu bulo ne a jibge, ga harsashin gini an haƙa, ga turakun siminti an kakkafa cikin ciyawa. Birnin Bauci, wanda ya zama hedkwatar jiha a 1976, ya cika ya batse, yana ta miƙe ƙafa ta yamma, ya bi ta Wuntin Dada har ya taɓo Miri. Cikin masu sayen filayen nan kuwa akwai 'yan Arewa mazauna Kudu, waɗanda suka tara kuɗin da guminsu a Agege da Idi Araba da Sabon Badun da Shagamu da Fatakwal, domin su sami inda za su sa haƙarƙarinsu ran da ƙarfi ya ƙare.

A da, in mutum zai sayi fili, ko dai ya zo da kansa ko ya wakilta wansa ko ƙanensa, a kira mai unguwa da maƙwabta na kusurwa huɗu, a zaga da ƙafa, a nuna gamba ko bini-da-zugu ko tsohuwar kuka da ta raba wannan gona da waccan, sannan a yi ciniki a gaban shaidu. Yanzu wata sabuwar al'ada ta shigo. Dillali kan tsaya a kowace kusurwa da wayar hannu, ya kwafi lambobin da GPS ya nuna masa, ya aika ta WhatsApp. Mai saye yana zaune a Ikko ya buɗe taswira, ya ga ɗigo huɗu, hankalinsa ya kwanta, ya tura kuɗi ta banki. In wani ya ce a yi hattara, sai a ce da shi ai na'ura ce ta faɗa, tauraron ɗan'adam kuwa ba ya ƙarya.

To, gaskiya ne tauraro ba ya ƙarya. Amma kafin saƙonsa ya iso hannun dillali sai ya ratsa wani ɓangare na sararin sama, wanda a saman Nijeriya ba ya zama lafiya, musamman daga faɗuwar rana zuwa tsakar dare. Saboda haka bai kamata mai hankali ya ɗora dukiyarsa da zumuncinsa a kan lambar da waya ta nuna ba, kuma bai kamata Gwamnati ta ci gaba da riƙon sakainar kashi ga tashoshin da ke auna wannan sama ba, alhali ɗaya daga cikinsu tana nan Toro, a kan wannan hanya ta Jos da ta bi ta Miri.

YADDA NA'URAR KE AIKI

GPS na Amurka ne. Sojojinta suka fara harba taurarinsa a 1978, aka kammala shirin a 1995, kuma taurari wajen 30 ne ke zagaya duniya a nisan kilomita 20,200. Rasha tana da nata mai suna GLONASS, Turai tana da Galileo, ƙasar Sin tana da BeiDou, wayoyin zamani da yawa kuma suna sauraron dukkansu. Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma ba shi da wani aiki dare da rana sai shelar sunansa, da inda yake, da lokacin da agogonsa ya nuna. Waya ba ta aika masa da kome, sauraro kawai take yi. Sai ta auna tsawon lokacin da shelar ta ɗauka kafin ta iso, ta mai da shi nisa, tun da yake saƙon yana gudu irin na haske, watau kilomita 300,000 a sakan ɗaya. Da ta sami taurari huɗu ko fiye, sai ta ƙulla lissafi ta ce ga inda mai ita yake tsaye.

Mai karatu zai ga cewa duk al'amarin a kan lokaci ya rataya. In saƙo ya makara da kashi ɗaya cikin miliyan na sakan, lissafin nisa ya kauce da mita 300 ke nan. Duk abin da zai iya tsare saƙon a hanya, kome ƙanƙantarsa, ya isa ya gusar da ɗigon da ke kan taswira.

RUMFAR LANTARKI

Wanda ya taɓa zama a Obalende ko Sabo da dare yana murɗa akwatin rediyo, yana neman Kaduna a kan mita 49 don ya ji labarin gida, ya riga ya san abin da ke tsare saƙon, ko da bai san sunansa ba. Muryar gajeren zango sama take tafiya, ta bugi wata rumfa da ido ba ya gani, ta dawo ƙasa a wuri mai nisa. Shi ya sa ake jin London da Kaduna a bakin teku, kuma shi ya sa wani lokaci murya takan hau ta sauka, ta shaƙe, ta dawo, ba tare da an taɓa akwatin ba. Rumfar ce ke motsi.

Masana suna kiranta ayonosfiya. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Appleton, shi ya tabbatar da ita da gwajin rediyo a 1924, har aka ba shi lambar Nobel a 1947. Ta fara daga wajen kilomita 60 sama da ƙasa ta kai 1,000, ta fi kauri kuma tsakanin 300 da 400. Hasken rana ne ke farfasa ƙwayoyin iskar da ke can su zama masu ɗauke da lantarki, don haka da rana rumfar takan yi kauri, da dare ta sirance.

Shi saƙon GPS ba ya dawowa in ya buge ta, ratsa ta yake yi, amma tana rage masa sauri kamar yadda yashi ke yi wa mai keke. Wannan jinkiri yakan jawo kuskuren da ya kama daga 'yan mitoci zuwa gomomi, gwargwadon kaurin rumfar da kuma ko tauraron yana tsakar ka ko ya yi ƙasa-ƙasa. Masu GPS sun san da haka, sun sa wani lissafin gyara cikin shelar, amma an shirya shi ne ya cire wajen rabin kuskuren kawai. Manyan na'urorin safiyo kuwa suna sauraron tauraro ta zango biyu, su gwada wannan da wancan, su cire kusan duk jinkirin. Da a ce rumfar a kwance take lumui kamar tabarma, da zancen ya ƙare a nan.

LAYIN DA YA RATSA AREWA

Duniya kanta babban maganaɗisu ce, shi ya sa allurar kamfas ke nuna arewa. Wannan maganaɗisu yana da nasa layin tsakiya, dabam da Ikwaita da ake koya wa yara a makaranta, wanda ya bi ta cikin teku kudu da Nijeriya. Layin maganaɗisu, a nan Afirka ta Yamma, Arewacin Nijeriya ya ratsa, ta wajen Zariya, Bauci kuma tana ɗan kudu da shi kaɗan. Watau mutumin Miri yana kwana yana tashi kusan a ƙarƙashinsa.

A saman wannan layi rumfar tana da halin da ba ta da shi a Turai. Da rana wani ƙarfin lantarki yakan cicciɓa iskar sama, ta tashi kamar ruwan maɓuɓɓuga, ta zubo gefe biyu, ta taru ta yi ɗamara biyu masu kauri, kowace wajen digiri 15 daga layin. Ta arewa tana saman Hamada, ta kudu tana saman Tekun Gini da wajejen Gabon da Kwango.

Babbar matsalar da magariba take farawa. Da rana ta faɗi, ƙasan rumfar yakan yi saurin rasa lantarkinsa, a daidai lokacin kuma sai wani tunkuɗo ya ƙara ɗaga rumfar sama. Sai ya zama mai kauri yana bisa, marar kauri yana ƙasa. Duk matar da ta taɓa zuba ruwa a kan man gyaɗa ta san abin da zai biyo baya: man ba ya yarda ya zauna a ƙasa, sai ya ɓullo sama gululu-gululu. Haka iskar nan marar kauri take kutsawa cikin rumfar, ta yi manyan kumfa, wasu su haura kilomita 1,000. Kowace kumfa takan miƙe kudu da arewa tsawon dubban kilomita, tana bin zaren maganaɗisu, tana kuma gangarawa gabas da gudun wajen mita 100 a sakan. Sukan fara tsakanin magariba da lisha, su yi ta yi har bayan sha biyun dare, sannan su lafa.

Ba yau aka gano wannan ba. A 1938 masana biyu, Booker da Wells, suka ga alamarsa a wata tashar awo ta ƙasar Peru, wadda ita ma layin ya ratsa. A 1976 wasu biyu, Woodman da La Hoz, suka fito da siffar kumfar da babbar na'urar rada ta Jicamarca, a can Peru ɗin. Daga baya awon da aka yi daga taurarin ɗan'adam ya nuna cewa saman Afirka da Tekun Atlantika yana cikin wuraren da kumfar ta fi yawa a duniya. Tana da lokacinta kuma. A wannan yanki ta fi tsanani a watannin Maris da Afrilu, lokacin bazara, da kuma Satumba da Oktoba, ƙarshen damina. Har ila yau tana bin zafin aikin rana, wanda ke hawa da sauka duk wajen shekara 11. Ya kai ƙololuwa a 2014, ya sake kaiwa a 2024, kuma in ya lafa zai dawo, yadda ya saba.

ABIN DA KE SAMUN SAƘO

Gefen kumfar nan a yayyage yake, cike da ƙananan gurɓi. In saƙon tauraro ya bi ta ciki sai ya tarwatse, ya iso ƙasa yana ƙarfi yana rauni, kamar yadda tauraro na ainihi ke ƙyaftawa in an dube shi da dare, ko kamar kwabo a ƙasan ruwan da ake kaɗawa. In abin ya tsananta sai tauraron ya kuɓuce wa na'ura ɗungum. In biyu ko uku suka kuɓuce a lokaci guda, sauran ba su isa su ba da lissafi mai kyau ba, sai ɗigo ya yi tsalle ko ya tsaya cik.

Abin lura shi ne, zango biyu ba ya maganin wannan. Babbar na'urar safiyo, wadda ke iya auna wuri har zuwa 'yan santimita, ƙirga igiyoyin saƙon take yi ɗaya bayan ɗaya, kuma da zarar saƙon ya yanke ƙirgar ta ɓace, sai ta koma farko. Bugu da ƙari, irin wannan awo yana dogara ne ga wata na'ura ta biyu da aka kafa a wurin da aka riga aka san lambarsa, tana aiko da gyara, bisa zaton cewa sama ɗaya ce a kan su biyun. Ran da kumfa ta rufe ɗaya ta bar ɗaya, gyaran da ake aikowa ya zama na wata sama dabam.

Yanzu a dawo Miri a yi lissafi. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, watau wajen mita 15 da mita 30. Hukumomin Amurka masu GPS ɗin da kansu sun ce wayar hannu, a fili fetal, sama kuma lafiya lau, takan nuna wuri ne da kuskuren da ya kai wajen mita 5. Mita 5 sulusin faɗin fulotin ke nan. In dillali ya ɗauki lambobinsa da la'asar, lokacin da rumfar ke da kauri, ko da almuru bayan ya taso daga kasuwa, maƙwabci kuma ya ɗauki nasa wata rana da hantsi, kowannensu zai zo da lambar da ta shiga cikin ta ɗan'uwansa, kuma kowannensu zai iya rantsuwa cewa abin da na'ura ta nuna masa ke nan. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, amma ga katanga za a rushe, ga shari'a za a shiga, ga wan da aka wakilta a gida ana zarginsa da cin amana.

Mazauna Kudu kada su ɗauka abin na saman gida ne kaɗai. A saman layin ake haifar kumfar, amma ɓarnarta ta fi tsanani inda rumfar ta fi kauri, watau wajen ɗamarun nan biyu, Ikko da Fatakwal kuwa sun fi Bauci kusa da ɗamarar kudu. Direban tasi mai bin taswirar waya da dare a Ikko yana ƙarƙashinta. Haka direban tirela da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa, ko na tanka da ya taso daga Apapa, wanda maigidansa ya liƙa wa motar na'urar bin sawu. A ce motar ta ɓace daga allon maigida na ɗan lokaci da ƙarfe tara na dare, ko ta nuna ta kauce daga titi. Mai yiwuwa direban ya yi abin da ake zargi, mai yiwuwa layin waya ne ya yanke a daji, mai yiwuwa kuma sama ce. Wanda zai kori uban iyali daga aiki a kan wannan shaida kaɗai ya yi gaggawa.

A ƙasar Brazil, wadda ita ma take ƙarƙashin wannan sama, manyan gonakin rake suna aiki da motocin noma masu bin layi da GPS, kuma sanannen abu ne a can cewa a lokacin kumfa aikin dare yakan tsaya ko layi ya karkace. A watan Mayu na 2024, da rana ta yi wata babbar guguwa wadda ba a ga irinta ba tun 2003, manoman Amurka da yawa sun dakatar da shuka domin motocinsu sun rikice. Su sai an yi guguwa suke ganin haka. Ƙasashen da ke kan layin maganaɗisu ba sa jiran guguwa, faɗuwar rana ta ishe su.

MASU CEWA ZANCEN BAI KAI YA KAWO BA

Akwai masu cewa wannan duk surutun 'yan boko ne, tun da yake ma'aikatan safiyo da rana suke aiki, kumfar kuwa ta dare ce, kuma mafi yawan darare waya tana kai mutum inda za shi ba tare da wata matsala ba. Suna da gaskiya ta wani fanni. Ba kowane dare kumfar ke tashi ba, kuma ga mai neman kwanar da zai shiga a Mushin kuskuren mita 5 ba kome ba ne. Har wa yau ba kowane kuskure za a ɗora wa sama ba. Dogayen gidaje da duwatsu sukan karkatar da saƙo. Tsofaffin taswirorin Nijeriya an auna su ne daga wani turke da ke Minna, GPS kuwa da ma'aunin duniya yake aiki, kuma wanda ya gauraya lambobin biyu ba tare da juyawa ba zai kauce da gomomin mita ko da sama ta kwanta. Sannan akwai dillalin da ke sayar da fili ɗaya ga mutum uku, wanda shi ba ruwan rana da halinsa.

Amma duk wannan ƙara ƙarfafa maganar yake yi. In hanyoyin kuskure sun kai haka yawa, to lambar waya ba ta isa hujja a kan iyaka ba. Game da aikin rana kuma, wayar dillali da rana ta fi shan jinkirin rumfar, manyan awon da ake kafa turakun asali da su kuwa sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, har su shiga dare. Jiragen sama ma ba sa daina sauka don magariba ta yi. Filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka buɗe a Bauci a 2014 yana ɗaukar alhazai, kuma ko da yake matuƙa suna da wasu na'urorin da suke dogara da su, duniya tana komawa ga saukar da jirgi da taimakon tauraro, inda kuskuren 'yan mitoci a tsaye ba abin wasa ba ne.

GA TORO A ƘOFAR GIDA

Abin takaici shi ne Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan ilmi. Tun shekarun 1950 Jami'ar Badun take auna wannan sama, kuma Shehun Malami Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya a kan binciken kogin lantarkin da ke gudana a saman layin maganaɗisu da rana. An kafa hukumar sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, a 1999. A 2002 ta buɗe cibiyar awon ƙasa da motsinta a Toro, cikin Jihar Bauci, inda dutsen ƙarƙashin ƙasa yake da ƙarfi ba ya gusawa. A 2008 Ofishin Babban Safiyo na Tarayya ya fara kafa jerin tashoshin GPS na dindindin da ake kira NIGNET, akwai a Toro da Zariya da Birnin Kebbi da Yola da Abuja da Inugu da Ikko da Fatakwal. A Anyigba ta Jihar Kogi kuma akwai cibiyar binciken sararin sama.

Kowace tashar nan turke ce da ba ta motsi, an san lambarta sarai. Don haka duk abin da ta ga ya canja a saƙon tauraro, daga sama yake. Jerin da ya taso daga Birnin Kebbi ya ratsa layin ya sauka bakin teku abu ne da ƙasashe da yawa za su so su mallaka. Amma masu bincike sun sha kokawa cewa bayanan wasu tashoshin suna da giɓi na makonni da watanni. Daren da tasha ta kwana a kashe ya tafi ke nan, ba kuɗin da zai dawo da shi.

Zanen aro ba ya rufe katara. Amurka da Turai suna da shirye-shiryen gyara saƙon GPS domin jiragensu, amma an ɗinka su ne daidai da samansu mai sanyin hali. Indiya, wadda layin ya ratsa kudancinta, ta kafa tashoshi ta auna tata sama shekara da shekaru, ta yi nata lissafin, har aka amince da shirinta mai suna GAGAN domin saukar jirage a 2015. Nijeriya ma ta sa ƙafa, domin tauraronta NigComSat-1R da aka harba a 2011 yana ɗauke da na'urar watsa irin wannan gyara, kuma a 2020 hukumar ASECNA, mai kula da zirga-zirgar jirage a ƙasashen Afirka da dama har da Nijar, ta fara gwajin watsawa ta kansa. Sai dai gyaran da tauraro zai watsa daga tashoshin ƙasa ake samo shi, in ba su aiki ba abin da zai faɗa.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Tarayya ta ware wa tashoshin nan kuɗin wuta da na intanet da na gyara a kasafin kowace shekara, ta daina barinsu sai an sami rara. Ya kamata kuma abin da suke gani ya fito daga ofis ya iso ga jama'a. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina har da fassarar Hausa, Brazil kuwa tana wallafa taswirar halin da rumfarta ke ciki. Me zai hana a riƙa sanarwa a rediyo cewa a makonnin nan ana sa ran rikicewar saƙo bayan magariba, ma'aikatan safiyo da masu motoci su yi hattara?

Gwamnatin Jihar Bauci ita ma tana da nata. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun Gwamna, don haka ma'aikatar filaye tana da ikon cewa duk takardar awon da za a kawo mata sai ta nuna irin na'urar da aka yi aiki da ita, da rana da sa'ar awon, da ma'aunin da aka bi, na Minna ne ko na duniya. Alƙalai kuma su daina karɓar hoton allon waya a matsayin shaidar iyaka. Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Bauci duk suna koyar da safiyo, Toro kuwa tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ce. Bai dace ɗalibi ya gama karatu bai taɓa zama ya ga yadda saƙo ke rawa da ƙarfe takwas na dare a saman garinsu ba.

SHAWARA GA MAI SAYE

Kafin Gwamnati ta motsa, mai gumi shi zai tsare guminsa. Wanda ke Kurmi yana son fili a Miri, ko a gefen Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ɗauki lambobin da aka aiko masa a matsayin kwatance, irin na cewa gidan yana bayan masallaci. Sun isa su kai mutum unguwa, ba su isa su raba katanga da katanga ba. Ya nemi ma'aikacin safiyo mai rajista da hukumar SURCON, a yi awo da safe da na'urar aiki, a ɗaure shi da turken Gwamnati da ke kusa, in da hali a sake awon wata rana a ga ko lambobin sun dace. A kafa turakun siminti a gaban mai unguwa da maƙwabta, a ja tef daga turke zuwa turke a rubuta tsawon kowane gefe, kowa ya sa hannu. Kuɗin safiyo da na motar zuwa gida ba su kai kuɗin lauya na wata ɗaya ba.

Shi kuma wanda ya riga ya saya, in ya zo ya ga lambar wayarsa ta saɓa da inda turke yake, kada ya yi saurin kiran ƙanensa ɓarawo. Ya tambayi wa ya auna, da me, da ƙarfe nawa. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma zumuncin da aka yanke a kan mita uku yana da wuyar ɗinkewa. Dattawan Miri da suka san inda gambar kakan wane ta tsaya suna nan da ransu, a neme su tun ba su ƙare ba, a haɗa abin da suka sani da abin da safiyo ya auna, a rubuta a ajiye. Allah ya sa a gama lafiya, kowa ya ci moriyar guminsa.